Ye Olde Cheshire Cheese a Landan: yanda na ga wurin, ni da bana shan giya

Bari in fara da abun da na san wasu za su tambaya tun kafin su karanta sauran. Eh, mashaya ce, giya ake sayarwa a ciki ba wani ɓoye-ɓoye. Ni bana sha, abinci da lemo da son ganin tsohon gini ne suka kai ni, kuma ni ba malami ba ne balle in ce ma wani ya shiga ko kar ya shiga, maganar zama a teburin da ake shan giya malamai sun yi bayani a kanta kowa ya sani, duk wanda zuciyarsa bata kwanta ba toh ya tsaya daga waje, a ƙarshe zan faɗi abubuwan da zai iya gani a unguwar ba tare da ya sa ƙafa a ciki ba. Amma wanda karatu ko aiki ya kawo shi Landan ya san yanda abun yake, ana tashi daga ofis sai kaji ance a haɗu a pub, wani lokacin ma maganar aikin a can ake ƙarasa ta. In dai har sai an ja ka wani, gara a ja ka wanda zaka fito da ɗan ilimi a kanka.

Wurin yana lamba 145 a titin Fleet Street, amma kar ka tsaya neman ƙofa a bakin titi. Akwai wani siririn lungu da ake kira Wine Office Court, in mutum biyu suka yi karo a bakinsa sai ɗaya ya ɗan karkace, toh a cikinsa ƙofar take. Alamar da zaka gane shi ita ce wata zagayayyar fitila da ke rataye a sama, an rubuta sunan wurin a jiki da shekarar 1667. Lungun kansa ya samo sunansa ne daga ofishin da ke ba da lasisin sayar da giyar inabi a da can. Zuwa ba wuya, daga tashar Blackfriars ko Chancery Lane tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, bas mai lamba 15 kuma ta kan titin take bi.

Wannan 1667 ɗin ba ado ba ne. Ran 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje sama da 13,000 da coci 87 da kuma tsohon babban cocin birnin, St Paul's, kuma ta ɓangaren yamma sai da ta cinye kusan duk Fleet Street kafin a tare ta wajen Fetter Lane, wanda daga ƙofar mashayar nan jifa ɗaya ne. Wato saura ƙiris wurin ya tsira amma ina, ya ƙone ƙurmus. Ana cewa tun 1538 akwai mashaya a filin. Bayan gobarar majalisa ta yi doka cewa duk wanda zai sake gini a birnin sai da bulo ko dutse, an daina katako, shi ne aka tayar da wannan cikin shekara ɗaya. Ni abun da ya ban dariya, St Paul's sai da aka kai wajen 1710 kafin a gama shi, amma gidan giya shekara ɗaya tal an buɗe. Leburori da magina dai sai sun ci sun sha kafin su ɗora bulo.

A bakin ƙofa ta waje akwai wani allo da aka jera sunayen sarakunan Ingila da suka yi mulki tun da aka sake ginin. Ya fara daga Charles na II, ka bi ta kan Anne da su George da Victoria, har da Edward na VIII da bai cika shekara ba a 1936 ya ajiye sarautar saboda mace, ka iso kan Elizabeth ta II wadda ita ce sarauta ta 15. Talla ce, amma talla mai hankali, don ba su ce maka komai ba, lissafi kawai suka aje maka ka yi da kanka. Ka kuma duba ƙasa kafin ka shiga, dutsen dokin ƙofar ya lotsa saboda takun ƙafafu har sai da aka rufa masa ƙarfe a kai.

Ciki kuwa duhu. Ba wai duhun ado irin na gidajen abincin zamani da ake rage wuta da gangan ba, ginin ne haka, yana matse tsakanin wasu gine-gine hasken rana baya samun hanya, ga bango duk katako ne da ya yi baƙi ƙirin saboda tsufa da hayaƙin shekaru. Ko da azahar ka shiga sai idonka ya ɗau lokaci kafin ka fara gane fuskar mutane. A ƙasa ana barbaɗa garin katako, a da dabarar ita ce ya tsotse abun da ya zube da laka da tofin masu taba, da dare a share a zuba sabo, yanzu dai al'ada ce aka riƙe. Lokacin sanyi suna hura wuta a murhun bango, wuta ta gaske ba ta lantarki mai hoto ba, kuma wallahi in ka fito daga iskar watan Janairu ka samu benci kusa da ita ba zaka so tashi ba. Warin wurin haɗin hayaƙi ne da tsohon katako da giya, wanda hancinsa baya jure warin giya ya sani tun yanzu, tunda aka hana shan taba a irin wuraren nan a Yulin 2007 babu abun da ke rufe shi.

Tsarin ɗakunan ba tsari. Ka shiga siririn zaure, dama ƙaramin ɗakin kanta, hagu ɗakin cin abinci da suke kira Chop Room, gaba wani ɗaki, matakala ta hau sama wata ta sauka ƙasa, ka sauka kana zaton ka iso sai ka ga wata kuma ta ƙara yin ƙasa. In kun zo ku da yawa ku tsayar da inda za ku haɗu tun daga waje, don a can ƙasa netwok baya shiga, baka isa ka kira kowa ba. Dogon mutum ya sunkuya a matakalar, rufin gajere ne sosai. Ɗakunan can ƙasa rufinsu baka-baka ne kamar na tsohon soro, ana kyautata zaton ragowar gidan 'yan zuhudun Kirista ne na ɗariƙar Carmelite da suka zauna a yankin tun ƙarni na 13, kafin Sarki Henry na VIII ya rufe irin gidajen ya ƙwace dukiyarsu. Su ne masu fararen alkyabba, shi ya sa har yau akwai titin Whitefriars a tsallaken hanya. In zaton ya tabbata toh ƙasan ta girmi saman da shekara ɗari huɗu.

Yanzu maganar manyan mutane, nan ne nake so a ɗan yi hattara. Sunan da aka fi jinginawa wurin shi ne Dakta Samuel Johnson, mutumin da ya rubuta shahararren ƙamus na Ingilishi da ya fito a 1755, kalmomi sama da 42,000, aikin kusan shekara tara shi da 'yan masu kwafa mutum shida a ɗakin saman gidansa. A Chop Room ga hotonsa nan a bango, ga ɗan allon tagulla da ke nuna wai nan ne wurin zaman da ya fi so. Na ji wani mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido, bana son faɗin kamfaninsa, ya tara mutane a lungun yana gaya musu da ƙarfin hali cewa a kan teburin da ke ciki aka rubuta rabin ƙamus ɗin, suna ta gyaɗa kai suna ɗaukar hoto. Haba malam. A gidansa na lamba 17 Gough Square ya yi aikin, inda ya zauna daga 1748 zuwa 1759. Kuma James Boswell, abokinsa da ya bi shi kamar jela yana rubuta duk inda ya je da duk abun da ya faɗa, ko sau ɗaya bai ambaci Cheshire Cheese ba, wata mashaya mai suna Mitre ya yi ta ambata.

Toh hakan na nufin bai taɓa shiga ba? A'a, ni ma ina ganin ya shiga. Gidansa yana bayan lungun, tafiyar minti biyu, abokinsa marubuci Oliver Goldsmith a cikin lungun ma ya taɓa zama a lamba 6, ga shi mutum ne da aka sani da son hira a mashaya har tsakar dare. Mai irin wannan hali ba zai yi shekara goma yana wuce ƙofa bai leƙa ba. Amma tsakanin ya shiga da nan ne kujerarsa akwai rata, kuma labarin ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, bayan mutuwarsa a 1784 da daɗewa, lokacin da baƙi musamman 'yan Amurka suka fara zuwa neman inda ya zauna. Mai kasuwa ya ga ana neman kujera, zai ce babu?

Na Charles Dickens ya fi kama hankali, ya yi aikin jarida a yankin yana saurayi, kuma a littafinsa A Tale of Two Cities na 1859 akwai inda wasu mutum biyu suka fito daga kotu suka bi Fleet Street suka shige wani rufaffen lungu zuwa gidan abinci, mutane da yawa sun tafi a kan nan yake nufi duk da bai kama suna ba. Wanda babu gardama a kansa shi ne ƙungiyar mawaƙan Rhymers' Club da W. B. Yeats ɗan Ailan da Ernest Rhys suka kafa a 1890, a ɗakin sama suke haɗuwa suna karanta ma juna waƙoƙi suna busa lofe, Yeats ɗin nan daga baya ya ci kyautar Nobel a 1923. Sauran sunayen, su Mark Twain da Conan Doyle da Chesterton, za a lissafo maka su, ka karɓa kawai.

Ni kam hoton da ya fi tsaya min a rai ba na ɗayansu ba ne. A ƙaramin ɗakin kanta, saman murhu, akwai zanen wani mutum mai suna William Simpson. Ba marubuci ba ne ba basarake ba, weta ne, mai kai wa mutane abinci, ya fara aiki a wurin a 1829. Kwastomomin da ke zuwa kullum ne suka haɗa kuɗi aka zana shi, suka ba mai gidan da sharaɗin hoton na gidan ne, duk wanda ya gaji wurin ya gaji hoton. Kusan shekara ɗari biyu yau yana nan. Ka duba fa, shi Johnson da ake ta kururutawa ba takarda ɗaya daga zamaninsa da ta ce ya zauna a nan, amma mai ɗaukar faranti ga sunansa ga shekararsa ga fuskarsa. Wannan shi ne tarihin wurin na gaske in ka tambaye ni, kuma yawancin masu shigowa ko ɗaga kai basa yi su kalle shi, suna can suna layin zama a kujerar Dakta.

Sai aku. Eh aku, irin mai ruwan toka da jar wutsiya da ake samu a dazukan yamma da tsakiyar Afirka. Sunansa Polly, ya yi wajen shekara 40 a mashayar, kuma abun da ya yi suna a kai shi ne ashar, duk abun da mashaya suka faɗa a gabansa ya haddace, ba ruwansa da ko wane babba ne ya shigo, zai auna masa. Labarin da aka fi yi a kansa na daren 11 ga Nuwamba 1918 ne, ranar da aka tsayar da yaƙin duniya na ɗaya, wai ya yi ta kwaikwayon ƙarar buɗe kwalbar shamfen har sau 400 sai da ya suma. Wa ya zauna ya ƙirga a daren da kowa ya bugu, oho. Da ya mutu a 1926 jaridu wajen 200 a faɗin duniya suka buga ta'aziyyarsa, abun ba mamaki tunda duk abokan hirarsa 'yan jarida ne. Ba su binne shi ba, busar da shi aka yi aka cusa, yana nan cikin gilashi a ɗakin kanta, ya ɗan koɗe. Na daɗe tsaye a gabansa ina tunanin irin tafiyar da ya sha a jirgin ruwa daga dajin da aka kamo shi zuwa wannan ɗakin mai duhu.

'Yan jaridar nan su ne ainihin masu wurin na tsawon lokaci. Tun wajen 1500 wani Wynkyn de Worde ya kafa injin buga littattafai a yankin, jaridar kullum ta farko a Ingila, Daily Courant, a nan ta fara fitowa a 1702, kafin ƙarni na 20 kuwa kusan duk manyan jaridun ƙasar a titin nan ko lungunansa suke, har sunan Fleet Street ya zama in an faɗe shi jaridun Birtaniya ake nufi. A lokacin Daily Telegraph na lamba 135, 'yan ƙofofi kaɗan daga nan, Daily Express na gaba kaɗan cikin wani gini na baƙin gilashi da aka buɗe a 1932, Reuters na tsallake a lamba 85. Injinan suna ƙarƙashin ofisoshin, da dare ƙasa har rawa take. Editoci da masu ɗauko labari da masu jera haruffa, kowa da mashayarsa, nan ake sayen labari nan ake sayar da shi, nan ake ɗaukar mutum aiki nan ake gulmar wanda za a kora.

Abun ya watse ne farat ɗaya. A Janairun 1986 attajirin mai jaridu Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa, su Times da Sun, ya kai su Wapping a gabashin Landan inda ya girka sababbin injina masu kwamfuta a asirce, ma'aikatan ɗab'i sama da 5,000 suka rasa aiki, aka yi shekara guda ana yajin aiki da dambe da 'yan sanda, amma ƙungiyoyin suka sha kaye. Da sauran jaridu suka ga ya ci riba kowa ya bi, Telegraph ta tashi a 1987, Express a 1989, Reuters ta ja har 2005. Bankuna suka shige gine-ginen. Shi ya sa yau in ka shiga da yamma waɗanda zaka tarar lauyoyi ne, tunda babbar kotu ta Royal Courts of Justice da unguwar lauyoyi ta Temple duk suna kusa, sai ma'aikatan banki, sai mu 'yan kallo. Mashayu da yawa a ƙasar ba su tsallake irin wannan canjin ba, a shekarar 2000 sun haura 60,000 yanzu sun dawo wajen 45,000.

Wani abu da mata za su lura da shi, a saman ƙofar ƙaramin ɗakin kanta har yanzu akwai tsohon rubutu da ke cewa maza kaɗai ake sayar wa a ɗakin. Dokar bata aiki, mata na zaune a ciki suna hirarsu, rubutun ne aka bari don tarihi. Amma ba wai zamanin da can can ba ne, dokar hana nuna bambanci tsakanin maza da mata sai 1975 aka yi ta, kuma a titin nan dai wani gidan giyar inabi mai suna El Vino ya ci gaba da hana mata tsayawa a kanta har sai da wasu mata biyu, lauya Tess Gill da 'yar jarida Anna Coote, suka kai ƙara suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 1982.

Masu wurin a yanzu kamfanin giya ne na Samuel Smith da ke garin Tadcaster a yankin Yorkshire, na iyali ne, suna da mashayu wajen 200, kuma mutane ne masu taurin kai irin na da, a garinsu har yanzu da dawaki suke kai wa wasu mashayu kaya. Dokokinsu ne suka sa wurin ya bambanta. Ba kiɗa, ba talabijin, wato kar ka zo nan neman kallon ƙwallo. A 2017 suka hana ashar a duk mashayunsu, kaga da Polly na raye da shi za a fara kora. A 2019 suka hana amfani da waya da laftof a ciki, in kira ya shigo ka fita waje ka amsa. Turawa da yawa suna ƙorafi a kan dokokin, ni kuwa su ne suka saye ni, don zaka zauna ka ji muryar mutane kawai da ƙarar kofuna, na kusa da kai in yayi magana kana jinsa ba sai ya yi ihu ba, ba wanda ya duƙufa yana latse-latse. Tsufan gini kowa na iya kwaikwaya, akwai mashayu da dama a Landan da aka buɗe jiya aka shafa musu baƙin fenti aka rataya tsofaffin kwalabe, amma shiru ba a iya saye. In kana son ɗaukar hoto ka tambayi ma'aikata tukuna.

Haka kuma kayansu kaɗai suke sayarwa. Kar ka ce a baka Coca-Cola ko Fanta, nasu lemon za a miƙo maka, na kola da na lemon tsami da na citta, ba laifi, na cittar yana da ɗan yaji mai daɗi musamman da sanyi. Sai dai ka bayyana ƙarara cewa mara giya kake so, don a Ingila akwai lemon citta mai giya a ciki kuma sunansu kusan ɗaya. Ruwan famfo kyauta ne, doka ce ta tilasta ma duk mai lasisin sayar da giya ya bayar in an nema. Tsarin saye kuma in baka saba ba, ba wanda zai zo ya same ka a tebur, kai zaka tashi ka je kanta ka faɗi abun da kake so ka biya nan take ka ɗauko da hannunka. Ba layi a zahiri amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, kar ka ɗaga kuɗi kana kaɗawa ko ka yi tafi, rashin ɗa'a ne a wurinsu. A Chop Room ne kaɗai ake zaunar da kai a kawo maka.

Abinci irin nasu ne na gargajiya, mai nauyi. Wanda gidan ya yi suna da shi a da wani ƙaton ƙullin fulawa da kitse ne da ake cusa masa naman sa da ƙoda da kawa da naman kaza na tsiro (mushroom) har da ƙananan tsuntsaye, nauyinsa ya kan haura kilo 20, a dafa shi awa 16 zuwa 20, kuma duk shekara in kaka ta shigo sai an gayyato wani babban mutum ya fara yanka. Yanzu ƙarami ake yi na mutum ɗaya, tsuntsayen ma doka ta hana. Ban ci ba don naman ba na halal ba ne, wani ma da giya ake dafa shi, wanda na zo da shi dai ya share farantinsa tas yana ta santi. Kifi da cifs ake gudu a fake a irin wuraren nan, amma shi ma ka tambaya, a mashayu da yawa ƙullun da ake tsoma kifin da giya ake kwaɓa shi. Da na yi tambaya ba wanda ya yi min kallon banza, yarinyar ta shiga kicin ta dawo ta faɗa min abun da zan iya ci da wanda ba zan iya ba. Na ƙare da abincin ganye da dankali, da zafinsa ya zo, ya cika ciki. Wanda harshensa ya saba da yaji zai ji shi salam, haka girkin Ingilishi yake ko ina. Kuɗin kuwa in ka auna da tsakiyar Landan ba za a kira shi tsada ba.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana a ranar aiki shi ne daidai, masu cin rana sun koma ofis 'yan yamma ba su fito ba, zaka zagaya ɗaki-ɗaki a natse ka karanta duk rubutun bango. Daren Alhamis da Juma'a kuwa cika yake har lungun, kuma a lokacin ne waɗanda suka sha suka yi yawa, ba zan ba mai iyali shawarar zuwa ba. Mai keken guragu ko tsoho mai ciwon gwiwa ɗakunan ƙasan ba nasa ba ne, ginin yana cikin waɗanda gwamnati ta sa wa kariya ba a taɓa shi yanda aka ga dama. Ka duba lokutan buɗewarsu kafin ka taso, yankin na ofisoshi ne, ƙarshen mako abubuwa kan canza. In maki za a bayar, tarihi da yanayin wurin biyar cikin biyar, ma'aikata huɗu da rabi, abinci ga mai neman halal uku, ba don ba daɗi ba sai don zaɓin kaɗan ne.

Wanda kuma ba zai shiga ba, ya karanta allon sarakunan daga waje ya miƙe cikin lungun, zai ɓulla Gough Square. Gidan Johnson na nan an maida shi gidan tarihi, ana biyan kuɗin shiga, zaka hau har ɗakin saman da aka yi ƙamus ɗin, a can kuma zaka ji labarin Francis Barber, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jamaika, ya shigo gidan yana yaro a 1752, Johnson ya sa shi makaranta, da zai mutu kuma shi ya bar ma yawancin dukiyarsa. A filin gaban gidan akwai gunkin kyanwar Johnson mai suna Hodge zaune a kan ƙamus da ɓawon kawa a gefe, an kafa shi a 1997. In ka dawo titi ka gangara ta wajen St Paul's, a hannun dama akwai cocin St Bride's da ake kira cocin 'yan jarida, ginin mai zanen gine-gine Christopher Wren, bam ɗin Jamus ya ƙone cikinsa ran 29 ga Disamba 1940 aka sake gyarawa, a ɗakin ƙarƙashinsa akwai ragowar daɓen Rumawa da aka tono lokacin gyaran, shiga kyauta ne.